Kaset ɗin da ya zo cikin motar Kwatano

A farkon azumin 2022, lokacin da ɗinkin sallah ya fara taruwa mana a shago har babu wurin sa ƙafa, ɗaya daga cikin yaran da ke koyon ɗinki a wurina ta shigo da safe fuska a murtuke. Na zaci a gida aka ɓata mata rai. Ashe wai kyautar Grammy ta mawaƙa aka raba a Amurka, aka hana Wizkid, aka ba wata mata. Ta miƙo min waya tana cewa, "Anti, don Allah dubi tsohuwar da suka ba. Wa ma ya san ta?"

Ina ganin fuskar na ajiye almakashi. Na ce mata, "Ni na san ta, Angélique Kidjo ce. Faifan da ya fito da ita duniya ya fito ne a 1991, lokacin gwanin naki yana ɗan shekara ɗaya, ana goya shi." Ta turo baki ta koma kan kekenta. Ni kuma ranar ban yi wani aikin kirki ba, don hankalina ya koma gidanmu na Ƙofar Ƙaura, ya koma kan wani kaset mai farin gida da ya zo mana cikin mota.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, direba ne. Aikinsa ɗauko motoci daga Kwatano ta ƙasar Benin. Waɗanda suka tashi a Katsina a shekarun 1990 sun san harkar: jirgin ruwa ya sauke tsofaffin motocin Turai a tashar Kwatano, direbobi su jero su a yi arewa, Paraku, Kandi, Malanbil, a haye gadar Kwara a shiga Gaya, a bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, sai Ɗan Isa, sai Jibiya, sai gida. Tun ina ƙarama na haddace sunayen nan kamar karatun allo, don da su Inna take ƙirga kwanakin dawowarsa. A wannan hanyar ce kuma ya samo Innar kanta. 'Yar Paraku ce, a zango aka haife ta. Mahaifinta jikan fataken goro ne da suka yada zango suka ƙi tashi, mahaifiyarta kuma Dandanci take yi. Inna ta tashi da Dandanci da Hausar zango, da ɗan Yarbancin kasuwa, da Faransancin da bai wuce na ƙirga kuɗi da gaisuwa ba.

Hausarta ce ta fara jawo mata magana a gidan miji. Takan mayar da mace namiji a zance, ta ce "rigan nan ya yi kyau", kuma ba ta ɗaure harshe a ƙ da ɗ yadda Katsinawa ke yi. Gwaggonmu, yayar Baba, ba ta taɓa barin ko ɗaya ya wuce ba. Ita ce ta raɗa min suna 'yar Kwatano. Wanda ba ɗan nan ba zai ɗauka sunan gari ne kawai. A bakin mutanenmu kuwa, in an ce abu ɗan Kwatano ne, ana nufin wani ya riga ya mora, na hannu ne, ba sabo ba. Firji ɗan Kwatano, mota 'yar Kwatano, ni ma 'yar Kwatano. Gwaggo tana faɗa tana dariya, kowa ya taya ta, ni ma in yi yaƙe. Sai da na girma na gane ashe Inna tana ji daga madafa, kuma ta fi ni sanin abin da ake nufi.

To, wata dawowa da Baba ya yi, ina aji biyar na firamare, ya kawo wata mota ya kwana da ita a ƙofar gida kafin mai ita ya zo. Da safe ya ce mu wanke ta. Yayana ya murɗa makulli don ya kunna rediyo, sai kaset ya ɗauka. Baba ne ya saye shi a kasuwar Dantokpa don ya riƙa kore masa barci a hanya, ya manta bai cire ba. Wata murya ce ta fito, ta mace, amma mai kauri da ƙarfi kamar an buga ƙarfe a kan ƙarfe, tana jefo kalmomi da sauri cikin yaren da ban taɓa ji ba, kiɗa kuma irin na disko yana dukan ƙofofin motar. Muka tsaya da soso a hannu. Sai ga Inna ta leƙo daga zaure, ita da ko soro ba ta cika fitowa ba, ta ce, "Anjelik ce."

Angélique Kidjo ke nan. Shekaru da yawa bayan haka, da waya ta zo hannun kowa, na bi diddigin matar nan kamar wadda za a yi wa jarrabawa a kanta.

An haife ta ranar 14 ga Yuli, 1960, saura mako biyu da 'yan kwanaki ƙasar ta samu 'yancin kai daga Faransa. Lokacin ma ba Benin ake ce mata ba, Dahome ce. Mahaifinta ɗan ƙabilar Fon ne, mutumin Wida da ke bakin teku, ma'aikacin gidan waya. Mahaifiyarta Bayarabiya ce mai ƙungiyar wasan kwaikwayo da raye-raye, kuma a cikin wannan ƙungiya yarinyar ta fara hawa dandali tana 'yar shekara shida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yayyenta maza suna da tasu ƙungiyar kiɗa, don haka gidan cike yake da fayafayan James Brown da Jimi Hendrix da Aretha Franklin, ga Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu, ga Bella Bellow ta Togo, ga kuma gangunan gargajiya da ake bugawa a unguwa. Wannan ne abin da nake so masu cewa ta je Turai ta gauraya kiɗanta su lura da shi. A gauraye ta tashi. Yaren uba daban, na uwa daban, na makaranta daban, na faifai daban, duk a tsakar gida ɗaya. Da na karanta haka sai na ga kamar labarin madafarmu ake ba ni, inda Inna ke yi mana faɗa da Hausa, in abin ya kai mata wuya ta juye Dandanci.

Abin da ya fitar da ita daga gida siyasa ce. Mathieu Kérékou ya ƙwace mulki a 1972, ya ɗora ƙasar kan aƙidar gurguzu, a 1975 ya sauya mata suna zuwa Benin. A irin wannan mulki ana so mawaƙi ya zama kakakin gwamnati. Ita kuma lokacin ta riga ta yi suna, faifanta na farko ya fito a 1981 har ya zagaya ƙasashen maƙwabta. A 1983 ta sulale ta tafi Paris.

A nan na daɗe ina tunani, don mu a ƙasar Hausa waƙar yabo ba abin kunya ba ce, sana'a ce mai daraja. Mamman Shata, ɗan Musawa, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa iyakar ransa, kuma kowa ya san irin ƙaunar da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, har da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi. Amma Shata shi ke zaɓar wanda zai yaba, in ka ɓata masa kuma ka sha zambo ko kai wane ne. Da a ce wani soja ya aiko masa da takarda cewa daga yau ga abin da zai riƙa rerawa, ina jin da an ji wata waƙar da ba a shirya mata ba. Wanda ya yabi mutum don ya ga dama daban, wanda aka tsare da bindiga ya yaba daban.

A Paris ta sha wuya irin ta baƙo, ta yi ƙananan ayyuka, ta yi amshi a bayan wasu, ta shiga makarantar koyon jaz, ta zama muryar wata ƙungiya mai suna Pili Pili da wani makaɗin fiyano ɗan Holan ya kafa. A can ta auri Jean Hébrail, Bafaranshe makaɗi, wanda har yau tare suke tsara waƙoƙinta. Sai Chris Blackwell ya ji ta, mutumin da kamfaninsa na Island ya fitar da Bob Marley duniya, ya ɗauke ta. Faifan 1991 ɗin da na faɗa wa yarinyata shi ne Logozo, wato kunkuru da yaren Fon, dabbar da ke yawo da gidanta a baya. Na 1994 kuma Ayé, wanda ke ɗauke da "Agolo", kuma shi ne Baba ya manta a mota.

Kaset ɗin bai bi motar ba. Inna ta ce a cire mata shi, Baba ya cire yana dariya. Daga ranar ya zama na madafa. Muna da wata rikoda mai cin batir shida da ake ɗaure murfinta da roba, ita Inna ke jinginawa a jikin turmi in Gwaggo ba ta nan. In zaren ya sarƙe ni ce mai gyara: in zaro shi a hankali, in zura biro a ramin in yi ta juyawa har ya koma, wurin da ya tsinke kuma in manne da ɗan jan farce. Saboda haka akwai wata waƙa da har yau, in na ji ta a waya, kunnena yana jiran ta yi tsalle a daidai inda na manne, in ba ta yi ba sai in ji kamar an yi kuskure.

Kawunmu malami ne, ya taɓa tarar da mu ana ji, bai ce komai ba sai da zai fita ya ce wa Baba a riƙa lura da abin da yara ke saurare. Maganarsa tana kan hanya, ban musa ba, kuma har yau ba na kunna kiɗa in an yi kiran salla ko in baƙon kunya ya shigo shago. Matar nan ba addininmu ɗaya ba, shigarta ba irin tamu ba ce. Ni dai abin da na ɗauka a wurinta daban ne, kuma sai da na zama tela na iya faɗarsa.

In mace ta kawo min atamfa da leshi ta ce in haɗa mata su a riga ɗaya, abin da nake fara yi shi ne in ɗaga kowanne a hannu in ji nauyinsa. Ƙyalle biyu ba sa zama daidai a jiki, dole ɗaya ya ɗauki ɗaya. Mai nauyin shi ne gindi, shi zai riƙe kafaɗa da ƙugu, mara nauyin ya zo a hannu ko a wuya ko a baki. In ka juya, ka sa mai nauyi ya rataya a jikin mara nauyi, rigar za ta yi kyau ranar da aka karɓa, amma wanki biyu ɗinkin zai tattare, kafaɗa ta zame, mai kaya ta dawo tana harararka. Haka kuma sai ka jiƙa atamfar tukuna, don ita tana tsukewa in ta sha ruwa, leshin ba ya yi. Wanda bai san halin kowane ƙyalle shi kaɗai ba, ba shi da ikon haɗa su.

Haka nake jin waƙar Kidjo. Ka saurara da kyau: a sama akwai jita da ƙaho da ganga ta inji mai bugun huɗu-huɗu, irin wanda ɗan disko a Landan zai taka ba tare da ya tambayi daga ina ba. Amma a ƙasa akwai wani bugu na uku-uku yana tafiya abinsa, irin luguden da mata uku ke yi a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Muryarta kuma a kan na ƙasan take tafiya, ba a kan na sama ba. Ta jefa, 'yan amshi su karɓe, ta sake jefawa kafin su gama. Mafi yawan waƙoƙin da Fon ne ko Yarbanci, ba ta sauya harshe don a saya ba. Wato muryar da gangar gida su ne gindin rigar, kayan Turawan nan ado ne a hannu da wuya. Shi ya sa shekara talatin ana wanke ta ba ta tattare ba.

Ba duka nake so ba, kar a ce na zama 'yar kore. Wasu waƙoƙin na farkon shekarun 1990 injin ya yi musu yawa, yau in ka ji sai su yi maka kama da kiɗan tallan sabulu. Faifan da ta yi da babbar ƙungiyar makaɗan gogen Turawa ta Luksambog, wanda ya ci Grammy a 2016, na gwada shi sau uku ban kai ƙarshe ba. Ya yi min kamar an sa wa 'yar kasuwa alkyabba, ga kyau amma ba ta iya ɗaga hannu. Ina jin ita ma ta san inda injin ke kai mutum, don kafin faifan Fifa na 1996 sai ta koma Benin ita da mijinta, suka bi gari-gari da na'urar ɗaukar murya suna naɗar makaɗan gargajiya da mata masu amshi, aka gina faifan a kan abin da suka naɗo. A kan wannan gindin ne Carlos Santana ya zo ya ɗora jitarsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin aikinta shi ne fayafayai uku da ta yi a jere tana bin sawun bayi: Oremi a 1998 wajen baƙaƙen Amurka, Black Ivory Soul a 2002 wajen Birazil, Oyaya a 2004 wajen Kyuba da tsibiran da ke kewaye. Garin ubanta, Wida, yana cikin manyan tashoshin da aka yi ta lodin mutane zuwa ƙetaren teku, da yawansu zuwa Bahiya ta Birazil. Ni da na ɗauka wannan labarin mutanen kudu ne, ba ruwanmu. Ashe akwai Hausawa a cikin jiragen nan, musamman waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin jihadi, daga 1804 zuwa gaba. A 1807 hukumar Bahiya ta bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka tashi a birnin Salbado, aka murƙushe su, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Bayan nan aka koro wasu, wasu suka dawo da kansu, suka zauna a Wida da Porto-Novo da Legas. Baba ya taɓa ba mu labarin babban masallacin Porto-Novo, ya ce in ka hango shi sai ka rantse coci ne, ga fenti kala-kala. Lokacin dariya muka yi. Ashe zuriyar waɗanda suka dawo daga Birazil ne suka gina shi da irin ginin da suka saba gani a can.

Saboda haka in Kidjo ta ɗauki kiɗan Bahiya ko na Kyuba ta rera Yarbanci a kai, ni ban ga aro ba. Kayan gidansu ne da aka sace, ta je ta gano su a hannun jikokin waɗanda aka sace tare da kayan. Kuma wa ya sani ko cikin masu tafa mata a Salbado akwai wanda kakan kakansa daga Katsina ko Gobir aka kama shi.

Sunan da Turawa suka sa wa irin wannan kiɗa shi ne abin da ke ba ni haushi. Wai kiɗan duniya. A 1987 ne wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a Landan suka amince da wannan suna, don masu shaguna su san akwatin da za su riƙa zuba duk faifan da ba na Ingila ko Amurka ba. Mai goge daga Mali, mai tabla daga Indiya, matan coci daga Bulgeriya, duk akwati ɗaya, kamar yadda nake da wani buhu a bayan ƙofa da nake tura ragowar ƙyallaye. A 2020 masu Grammy suka sauya kalmar da wata, wai ta farkon tana da warin mulkin mallaka, amma in ka fassara su biyun da Hausa duk "na duniya" ne, an dai sauya wa tuwo suna. A cikin wannan akwati ta ci kyautar har sau biyar, daga 2008 zuwa 2022. Kuma a cikinsa ne aka haɗa ta da Wizkid, mutum biyu da ba abin da ya gama kiɗansu sai kasancewarsu 'yan Afirka ta Yamma. Na yi ƙoƙarin nuna wa yarinyata cewa faɗanta da masu akwatin ne, ba da matar ba. Na ce mata faifan da ya ci ɗin ma, Mother Nature, akwai Burna Boy da Yemi Alade da Mr Eazi a ciki, kuma a 2020 da ta doke Burna Boy, a kan dandali ta sadaukar masa da kyautar. Ta ce, "Duk da haka, Anti, an yi cuwa-cuwa." Har yau ba ta sauka daga kan wannan ba, na kuma ƙyale ta.

Mu kanmu da muke ganin kamar namu tsantsa ne, ina tsantsar take? Atamfar da nake yankawa kullum, wadda ba a kai lefe sai da ita, asalinta rinin mutanen Jawa ne na Indunisiya, 'yan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo mana, shi ya sa har yau mai tsadar ake ce mata Holan. Waƙoƙin finafinanmu kuwa kowa ya san inda suka sha nono, tun zamanin da Kwarori ke kawo finafinan Indiya silima. Har masu bege sun ɗauki karin Indiya sun ɗora yabon Manzon Allah a kai, mun ji mun yi hawaye. Aro ba baƙonmu ba ne. Abin da ke damuna da yawancin waƙoƙin sitidiyo na yanzu shi ne an juya rigar. Fiyano ya zama gindi, kalangu ya zama wani maɓalli da ake dannawa, muryar kuma an tace ta a kwamfuta har ba ka bambance mawaƙiya ɗaya da wata. Ina taka su a biki kamar kowa, ba zan yi ƙarya ba. Amma bayan wata uku ba na tuna ko ɗaya.

Kwatanta da kiɗan ƙwarya. A wani biki a Funtuwa na zauna dab da masu amada, kusa har ruwa yana fantsamo min. Manyan ƙore a kife, wata a kan ruwa cikin baho, mata zaune sun kewaye su da 'yan sanduna. Wadda ke kan ruwan ita ke ba da ƙasa, wani irin gum-gum da kake ji a ciki kafin kunne, sauran suna yayyafa ƙanana a kai. In mai bugun ta ɗan danna ƙwaryar cikin ruwa sai sautin ya sauya. Babu waya, babu lantarki, amma tsofaffi da 'yan mata duk sun miƙe. Wannan ne kiɗan da Barmani Choge ta riƙe har ta rasu a 2013, tana zuga mata su tashi su nemi sana'a, tana yi wa kishiyoyi da ragwaye tsiya, da muryar da ba ta jin tsoron kowa. Duk lokacin da na ji faifan Eve, wanda Kidjo ta yi a 2014 da ƙungiyoyin mata masu amshi na Benin da Kenya ta kuma sa masa sunan mahaifiyarta, Barmani nake tunawa. Irin ƙarfin ɗaya ne. Kidjo ma ta kafa gidauniyar Batonga don karatun 'ya'ya mata, kuma ta ce kalmar ita ta ƙirƙire ta tana yarinya, take jefa wa samarin da ke tsokanar 'yan mata masu zuwa makaranta. Da Barmani ta ji wannan, da ta ce 'yar gari ce. Ina jiran yaron da zai ɗauki na'urarsa ya bi Funtuwa da Malumfashi da Daura, ya zauna gaban matan nan ya naɗi ƙwarya yadda take, sannan ya koma sitidiyo ya ɗora duk fiyanon da yake so a hannu da wuya.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, idon ya yi rauni. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, kuma abin mamaki Inna ce ta yi jinyarta wata bakwai, ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu a baki. Hausar Inna yanzu ta fi tawa Katsinanci, sai dai in ta yi fushi rigar takan koma namiji.

Kwanaki na gano cewa kafin Logozo, Kidjo ta yi wani faifai da ta sa wa suna Parakou, garin su Inna. Na yi ta murna. Na sayi data, na sauke shi, ranar Juma'a bayan la'asar na tafi gida da shirin za a sha kuka. Na tarar da ita a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na kunna, na kara mata wayar kusa da kunne, na ce, "Inna, ji, sunan garinku ta sa masa."

Ta saurara kamar minti biyu, hannunta bai daina ɓara ba. Ta ce, "Wannan ai yaren mutanen kudu ne. Ni ba ji nake ba."

Na ce, "To da can da kike kunna kaset ɗinta kullum a madafa fa? Na zaci kewar gida ce."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ko a lokacin ba ta jin abin da ake faɗa sai kalma ɗaya-ɗaya ta Yarbanci. A Paraku ma Anjelik ta 'yan boko ce da 'yan Kwatano, su a zango Shata suke ji a rediyon Kaduna. Na ce to me ya sa ta ce a cire mata shi daga mota? Ta ce, "Shekara goma sha biyu babanku yana zuwa ƙasarmu yana dawowa, tsarabar kowa daban, ta Gwaggonku ma daban. Ranar ce kaɗai na roƙe shi abu a gaban mutane ya ba ni." Ta watsa ɓawon gyaɗa a kwano, ta ce, "Kuma tana da daɗin daka."

Na rasa abin cewa. Waƙar tana ta yi a hannuna, na lura ƙafarta ta dama tana ɗan bugun tabarma, uku-uku, ba huɗu ba. Da ta ƙare na tambaye ta ko in sa ta gaba.

Ta ce, "A'a. In kina da Barmani a cikin abin nan, sa min ita. Ki kuma miƙo min wancan tiren."